Suna yin rajista, su kalli darasi ɗaya, su ɓace: me za mu fara gyarawa a manhajar karatunmu?

Bashir (Zariya):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa gina manhajar karatu, da waɗanda suke karatu ta intanet. Ni nake kula da dandalin wata cibiya da ke koyar da lissafi, Turanci da kimiyya ga 'yan sakandare masu shirin WAEC, NECO da JAMB, akwai kuma kwas na lissafin kasuwanci na manya. A kan Moodle muka ɗora shi, wato manhajar da makarantu ke gina dandalin karatu ta intanet a kanta. Malaman sun yi ƙoƙari matuƙa, an ɗauki bidiyon da kyamara mai kyau. Abin da yake damuna shi ne mutane suna yin rajista da yawa, wasu ma ba sa ƙarasa rajistar, waɗanda suka shiga kuma mafi yawansu darasin farko kawai suke buɗewa, daga nan shiru. Shugaban cibiyar yana so a canza launi, a yi sabon tambari, a sa hotuna masu motsi a shafin farko. Ni hankalina bai kwanta da hakan ba. Da ku ne, me za ku fara taɓawa?

Dr. Nafi'u:
Wa alaikumus salam Injiniya. Wannan ciwo ba naku ba ne ku kaɗai. A 2019 mujallar Science ta buga binciken Justin Reich da José Ruipérez-Valiente kan kwasa-kwasan jami'o'in MIT da Harvard da ke dandalin karatu ta intanet na edX, suka gano cewa a zangon 2017 zuwa 2018 waɗanda suka kammala kwas kashi 3 ne da ɗoriya cikin ɗari. Manyan jami'o'i ke nan masu kuɗi. Sai dai kada wannan ya sa ku saki jiki. Can da yawa leƙe kawai suke zuwa yi, tunda rajistar kyauta ce. Naku yaron jarrabawa ce a gabansa, kuma ubansa ya cire kuɗi ya biya. Idan irin wannan ya gudu, to akwai abin da ya kore shi.

Alhaji Kabiru:
Ni dai zan faɗi gaskiya ko ba za ta yi daɗi ba. Shekara da shekaru ina riƙe da makaranta, yaran yanzu ba sa son karatu. Yaron da zai kwana yana kallon TikTok ba ka taɓa jin ya yi kukan data, sai an ce ya buɗe darasi. Ku gyara manhaja ku gaji, wanda ba ya so ba ya so.

Malama Hadiza:
Alhaji, ranka ya daɗe, akwai malalata, ba mu musu. Amma misalin da ka kawo shi ne hujjar Injiniya. Wancan dandali da ka ambata, yaro yana taɓa shi bidiyo ya fara, ba a tambaye shi komai ba. Bari in gaya muku abin da nake gani da idona a ajina na 'yan SS3.

Yarinya ta karɓi wayar mahaifiyarta bayan isha'i, an ba ta ɗan lokaci kafin a karɓe. Ta buɗe shafin makarantar intanet. Abu na farko, an ce ta sa imel. Tana da imel, amma mai kafe ne ya buɗe mata ranar da ta je cike fom, kalmar sirrin tana rubuce a bayan wani littafi da ba ta san inda yake ba. To a ce ta tuna adireshin. Sai a ce ta ƙirƙiri sabuwar kalmar sirri. Ta sa sunan ƙaninta, a ƙi karɓa da jan rubutu cikin Turanci. Ta ƙara lamba, a sake ƙi. Abin da ya fi ɓata rai, duk lokacin da aka ƙi, sai wasu gurabun da ta cike su goge. In Allah ya taimake ta ta wuce nan, sai a ce ta je akwatin imel ɗinta ta danna wani mahaɗi. Akwatin da ba ta iya buɗewa. Kafin nan uwa ta ce kawo wayata. Washegari a rubuta ta cikin waɗanda ba sa son karatu, alhali ko fuskar malamin ba ta gani ba.

Bashir (Zariya):
Malama kamar kina tsaye a bayana. Haka Moodle yake zuwa in ba a canza ba: kalmar sirri sai ta kai harafi 8, da lamba, da babban baƙi, da ƙaramin baƙi, da wata alama irin su alamar tambaya. Ana iya sassauta shi daga ɓangaren mai kula. To idan muka cire imel muka koma lambar waya da lambar sirrin da ake turowa ta tes fa?

Sadiya (Kaduna):
Lambar waya ta fi imel nesa ba kusa ba, amma ita ma tana da nata. Tes ɗin yakan makale a hanya, wani lokaci sai lambar ta mutu sannan ya iso. Ka ba wa lambar isasshen lokaci, kuma ka sa maɓallin sake turowa a fili. Na biyu, waya ɗaya yara uku ke amfani da ita a gida, lambar kuma ta baba ce ko ta yaya. Don haka lamba ɗaya ta iya ɗaukar ɗalibai da yawa, kowa da sunansa, in an buɗe manhaja a tambaya wa ke karatu yanzu.

Amma ni tambayata ta fi wannan. Me ya sa sai an yi rajista kafin a ga darasi? Ka bar darasin farko da na biyu a buɗe. Mutum ya ɗanɗana, ya ga malamin ya iya, sannan ka ce masa in yana so a ajiye masa inda ya tsaya ya sa lambarsa. A lokacin yana da dalilin wahalar da kansa.

Sannan kafin ku kashe ko sisi a kan launi, ka yi gwaji. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da shafukan intanet, ya yi rubutu a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum 5 kan fito da kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani da shafi. Ka samo ɗalibai biyar irin naku na gaske, ba 'ya'yan ma'aikatan ofis ba. Kowa da wayar da yake amfani da ita a gida, da datarsa, kai ka biya masa. Ka ce masa ya nemo darasin lissafi na biyu ya amsa tambayoyinsa. Sai ka ja bakinka ka yi shiru. Wannan shirun ne mai wuya, don hannunka zai riƙa ƙaiƙayi ka nuna masa inda zai danna. Kada ka nuna. Ka rubuta duk inda ya tsaya yana kallon waya, da duk inda ya danna abin da ba maɓalli ba ne. Kuma tun farko ka gaya masa manhajar ake gwadawa ba shi ba, in ba haka ba kunya za ta sa ya ce komai ya yi daidai. Gani ya kori ji.

Maman Khalifa:
Ni ɗaliba ce, karatun nesa nake yi daga ɗakina, ga yara ga girki. Ba zan kama sunan makarantar ba. Abin da ya kusa sa ni ajiye karatu shi ne gwajin mako. Tambayoyin duka a shafi ɗaya, agogo yana tafiya a sama. Na amsa kusan duka, na danna turawa, sabis ya ɗauke. Da ya dawo sai shafin ya buɗe fari tas, ba amsa ko ɗaya, agogo kuma bai tsaya jirana ba. Na zauna na yi kuka wallahi, don daren da na hana kaina barci ne. Na rubuta musu, amsar da aka ba ni wai in tabbatar ina da sabis mai ƙarfi. Daga ina zan samo shi?

Injiniya don Allah duk amsar da ɗalibi ya taɓa a ajiye ta nan take a cikin wayarsa, in sabis ya dawo ta tafi da kanta. Kuma a nuna masa a rubuce cewa an ajiye. Haka bidiyo. In jariri ya farka na rufe waya, in na dawo ya ci gaba daga inda na tsaya, ba sai na shiga nan na shiga can ina neman darasi ba.

Dr. Nafi'u:
Allah ya saka da alheri Maman Khalifa. Injiniya ka riƙe maganarta da kyau, don a ganina ita ce gindin zancen. Masu tsara waɗannan manhajoji suna zana su ne da tunanin ɗalibin da zai zauna a tebur awa guda ba abin da ya katse shi. Namu ɗalibin kullum katse shi ake yi: wuta, sabis, caji, aike, kiran sallah, mai waya ya karɓi abarsa. Manhajar da ba ta iya jure katsewa ba ta dace da shi ba, komai kyanta.

Musa Mai Waya:
Ni gyaran waya nake yi a kasuwa, kuma ina ɗan taɓa rubuta manhaja. Bari in yi muku lissafin data, don masu ofis da wayfai ba sa jin zafinsa.

Bidiyo mai ƙarfin 720p, in yana cin megabit biyu da rabi a daƙiƙa, minti goma zai cinye kusan MB 190. Muryar malamin kaɗai, in an matse ta a kilobit 32, minti goma ba ta kai MB 3 ba. Ka haɗa mata hoton allo guda huɗu ko biyar, har yanzu ba ka je ko'ina ba. Ku duba tazarar. Kuma ku tuna a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Yaron da ya sayi data ta kwana ɗaya, darasi biyu ya kalla aka turo masa saƙon ta ƙare, gobe ba zai dawo ba.

Wayoyin da ake kawo mini gyara kuwa, Tecno ne da itel da Infinix, da yawa masu ƙaramin memori, cike da hotunan biki da saƙonnin murya, gilashin a fashe an liƙe shi. A irin wannan wayar za a buɗe manhajarku, ba a kwamfutar Injiniya ba. Hotunan masu motsi da shugabanku yake so, su ne za su sa shafin ya daskare.

Shawarata: kada bidiyo ya fara da kansa. A jikin kowane darasi a rubuta nauyinsa, mutum ya san abin da zai kashe kafin ya danna. A ba shi zaɓi, bidiyo mai kyau, bidiyo mai sauƙi, ko murya da hoto. A bar shi ya sauke da daddare lokacin da kamfanoni ke sayar da data mai araha, ya kalla da rana ba sabis. Manhajar Moodle ta waya tana iya sauke kayan kwas a duba ba intanet, sai dai in bidiyonku a wani shafi yake kuka jawo shi, ba zai sauka ba. Ka duba wannan.

Ba sabon tunani ba ne. Kamfanin karatu ta waya na uLesson da Sim Shagaya ya kafa a 2019 da katin memori suka fara raba darussansu, saboda sun san halin da data take ciki. Akwai kuma Kolibri ta ƙungiyar Learning Equality, wadda aka gina ta musamman don makarantun da ba su da intanet: kwamfuta ɗaya ta riƙe darussa, sauran na'urori su jawo daga gare ta a cikin aji.

Malam Garba:
Musa na yarda da lissafinka amma kada a yi wa bidiyo kuɗin goro. Ni ɗinki nake koyarwa ta waya. Ta yaya zan nuna wa mutum yadda ake yanka wuyan riga da murya? Haka lissafi, yaro yana bukatar ya ga hannun malami yana warware tambayar layi bayan layi. Hoton allon da aka riga aka cike ba ya nuna daga ina aka fara.

Dr. Nafi'u:
Gaskiyarka Malam Garba, kuma bincike yana bayanka. A 2014 Philip Guo da abokan aikinsa sun duba kallon bidiyo kusan miliyan 6.9 a edX. Sun ga cewa bidiyon da malami ke rubutu da hannu yana bayani, irin salon shafin karatu na Khan Academy, ya fi riƙe ɗalibai fiye da wanda ake nuna shafukan da aka shirya. Sun kuma ga cewa komai tsawon bidiyo, yawancin masu kallo ba sa wuce minti 6. Abin daɗin shi ne bidiyon hannu da farin allo ba ya da nauyi, don yawancin hoton ba ya motsi, yana matsuwa sosai. Abin da ke cin data shi ne malami a tsaye cikin babbar riga ana ɗaukarsa daga nesa, allon ma ba ya karantuwa a fuskar waya. Injiniya, bidiyonku minti nawa ne?

Bashir (Zariya):
Yadda ake darasi a aji haka aka ɗauka Dokta, minti arba'in, wasu sun fi.

Malam Garba:
To ai ka ji. A yanka su gunduwa-gunduwa, kowane guntu abu ɗaya yake koyarwa, da sunansa a kai. Nawa ɗaliban in sun manta yadda ake sa aljihu, guntun aljihu kawai suke nema.

Issoufou (Maraɗi):
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ina bin zancen daga nan Nijar. Abin da ba a taɓo ba shi ne harshe. Mu nan matsalar ninki biyu ce, manhajojin ko da Faransanci suke ko da Turanci, manyan da ke son koyon lissafin kasuwanci kuma da yawa ba su da ko ɗaya. In za ku sa Hausa, ku kula da abu biyu. Na ɗaya, irin rubutun da kuka zaɓa ya kasance yana da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Sau da yawa za ka ga shafi ya yi kyau, amma duk inda harafi mai ƙugiya yake sai ɗan akwati ya fito, ko harafin ya bambanta da 'yan'uwansa. Mu muna rubuta ƴ, ku kuna rubuta 'y, manhaja ta san duka biyun. Na biyu, wurin bincike. Yawancin mutane ba sa sa ƙugiya in suna rubutu a waya, ko da Gboard yana da allon Hausa. Wanda ya rubuta kididdiga ya kamata ya samu darasin ƙididdiga, kada a ce masa babu.

Alhaji Kabiru:
Nan kuma ban yarda ba. Jarrabawar da Turanci za a yi ta. In kun mayar da komai Hausa kun cuci yaran, ranar jarrabawa ba wanda zai fassara musu.

Malama Hadiza:
Alhaji abu biyu ne aka haɗa. Tambayoyin gwaji su zauna da Turanci yadda za su zo a WAEC, wannan ba gardama. Amma saƙon da ke gaya wa yaro dalilin da ya sa kuɗinsa bai shiga ba, ko abin da zai yi in ya manta kalmar sirri, wannan ba darasin Turanci ba ne. A gaya masa da harshen da zai gane nan take ya wuce. Kuma a aji ma ai haka muke yi, in na ga idanu sun yi fari-fari sai in juya in yi bayanin da Hausa, sannan in dawo. A dandalin karatu na Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF da Microsoft a Maris 2022 ma an sa darussa da Hausa, Igbo da Yarabanci ban da Turanci.

Roƙona ɗaya, in za a fassara a ba wa mutumin da yake jin Hausa, ya ga shafin da idonsa. Fassarar inji da ba a duba ba ta fi Turancin rikitarwa.

Alhaji Kabiru:
In dai tambayoyin suna nan da Turanci, ba ni da ja.

Malam Lawal:
Ni makaho ne, da TalkBack nake amfani da wayata, ita take karanta mini abin da ke kan fuska. Ina so masu gina manhaja su san muna nan. Abu uku ke tare mu. Maɓallin da aka sa masa hoto kawai ba a rubuta masa suna a ciki ba, wayar sai ta ce mini maɓalli, ba ta san na mene ne ba, sai in danna in ga abin da Allah zai yi. Sai littafin da aka ɗauki hotonsa aka mayar PDF, a wurina shafi ne wayam. Sai wancan gwajin da ake cewa ka zaɓi hotunan da ke da mota kafin ka shiga. Nan dole in nemi mai ido, in ba shi kalmar sirrina. Sa wa maɓalli suna ba ya cin kuɗi, minti kaɗan ne a wurin mai rubuta manhaja.

Sadiya (Kaduna):
Na gode Malam Lawal. In ƙara a kan nasa: ƙa'idar WCAG, wadda ke tsara yadda shafi zai yi wa masu nakasa sauƙin amfani, ta ce bambancin hasken rubutu da na bayansa ya kai 4.5 zuwa 1 ga rubutu na yau da kullum, Google kuma ya ba da shawarar kada wurin dannawa a Android ya gaza 48dp (dp ma'aunin girma ne a fuskar waya). Ba don masu raunin gani kaɗai ba ne. Rubutu mai ruwan toka a kan fari da masu zane ke so, ka fita da shi rana tsaka a Kano, da hasken waya a rage don tattalin caji, ka ga ko za ka iya karantawa.

Dr. Nafi'u:
Akwai misali a gida da nake yawan ba ɗalibaina. Da JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya a 2015, an samu yara da yawa, musamman na karkara, da ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Yaro ya san amsa amma hannunsa na rawa. A 2017 hukumar ta kawo tsarin maɓallai 8: A, B, C, D don zaɓar amsa, N don tambaya ta gaba, P don komawa baya, S don miƙawa, R don fasa miƙawa. Ba a rage wahalar tambaya ko ɗaya ba, an cire abin da ke tsakanin yaro da tambayar ne kawai. Tunda naku masu shirin JAMB ne, ku sa shafin gwajinku na kwamfuta ya karɓi waɗannan maɓallan, su saba tun daga gida.

Faruk:
Ni a ganina abin da ya rage shi ne a sa wasa a ciki. A manhajar koyon harsuna ta Duolingo suna ƙirga maka kwanakin da ka jera kana karatu, ba ka so lissafin ya karye sai ka dawo kullum. A sa wannan, a sa jerin gwanaye na mako kowa ya ga matsayinsa. Matasa suna son gasa.

Maman Khalifa:
Ƙanina, unguwarmu takan yi kwana da kwanaki ba wuta in taransifoma ta lalace. In na dawo aka nuna mini lissafina ya koma sifili saboda abin da ba laifina ba, raina ne zai ɓaci, ba ƙwarin gwiwa zan samu ba. Jerin gwanaye kuma, wanda yake sama ne yake jin daɗinsa. Matar aure da ta koma karatu bayan shekaru ta ga sunanta a can ƙasa kowa yana gani, ba za ta sake buɗewa ba.

Faruk:
Haka ne Anti, ban duba ta nan ba. Amma a cire gaba ɗaya? Ni dai yana sa ni karatu.

Sadiya (Kaduna):
Ba sai an cire ba. A ƙirga ta mako maimakon ta kwana, misali ɗalibi ya zaɓi kwana uku a mako, kuma karatun da ya yi ba sabis a lissafa masa in ya haɗu da intanet. Jerin gwanaye ya zama sai wanda ya so ya shiga, da sunan da ya zaɓa. Abin da kowa ke bukata shi ne ya ga nasa ci gaban: ka gama darasi 4 cikin 12, saura kaza.

Musa Mai Waya:
Wata tambaya Injiniya, kada ka ji haushi. Me ya hana ku zuba darussan a WhatsApp ko Telegram kawai? Kowa ya iya su, malamai da yawa a nan da su suke karantarwa, saƙon murya kuma ba ya bukatar a koya wa kowa.

Bashir (Zariya):
Ba haushi Musa. Da can haka cibiyar take yi. Matsalar, darasi yana nutsewa a cikin gaisuwa da barka da Juma'a, wanda ya shigo a makare ba ya samun na baya a jere, malami kuma ba ya sanin wa ya gane wa bai gane ba. Sannan lambobin 'yan mata suna fili kowa na gani, iyaye sun yi ƙorafi a kan haka.

Malama Hadiza:
Wannan na ƙarshen babba ne, shi ya sa wasu iyaye ke hana 'ya'yansu mata shiga. Amma kada ku saki WhatsApp ɗin gaba ɗaya. Ku riƙa tura tunatarwa ta can, da mahaɗin da zai kai yaro cikin darasin kai tsaye, ba shafin farko ba. Kuma ku ari saƙon murya. Yaro ba zai iya rubuta tambayar lissafi a waya ba, amma zai iya ɗaukar hoton littafinsa ya yi magana a kai. In ya tambaya kuma a amsa masa da wuri, don wanda ya yi tambaya aka yi kwanaki ba amsa ya gama yanke hukunci cewa ba kowa a gidan.

Bashir (Zariya):
'Yan'uwa na dawo da rahoto. Na yi gwajin da Sadiya ta ce, da ɗalibai biyar, kowa da wayar gidansu.

Rajista ta tsayar da su kamar yadda Malama ta faɗa, wannan ban yi mamaki ba. Abin da ban zata ba shi ne bayan sun shiga. Shafin da ke tarbarsu yana da kalanda, da sanarwa, da jerin kwasa-kwasai, a waya kuma duk sun jeru ne ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Wata yarinya ta yi ta jan shafin sama, ta wuce kwas ɗinta ba ta lura ba, don an rubuta sunansa da lambar da ofis ke amfani da ita, ba a rubuta Lissafi SS3 ba. Layuka ukun nan na kusurwa da ke buɗe jerin zaɓi, mutum ɗaya ne kawai ya taɓa su. Wani yaro da bidiyo ya ƙare sai ya ajiye wayar a cinyarsa yana kallona, na tambaye shi me yake jira, ya ce ai ya gama. Tambayoyin suna ƙasa, bai san akwai su ba. Wani kuma da ya ga bidiyon ya fara da kansa, da sauri ya kashe data, ya ce ta yayansa ce.

Ba wanda ya ce komai a kan launi ko tambari.

Abin da zan fara: darasi biyu a buɗe ba rajista, shiga da lambar waya, shafin farko ya zama babban maɓalli ɗaya na ci gaba daga inda ka tsaya, sunayen kwas da harshen mutane, a yanka bidiyo a rubuta nauyinsu, gwaji kuma tambaya ɗaya a shafi ɗaya ana ajiye amsa. Saura shawo kan shugaba, don ya riga ya yi magana da mai zanen tambari.

Sadiya (Kaduna):
Kada ka kai masa rahoto a takarda, zai ce ra'ayinka ne. Ka sake kiran wasu ɗaliban, ka zaunar da shi a gefe ya kalla da kansa, da sharaɗin ba zai yi magana ba. Sannan kada ka saki gyaran duka rana ɗaya. Fara da rajista, ka duba mutum nawa cikin masu farawa ke ƙarasawa kafin gyara da bayansa, sai ka wuce na gaba. In ka haɗa su ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Alhaji Kabiru:
Har yanzu ina nan a kan cewa akwai waɗanda ko me aka yi ba za su yi karatu ba. Amma Injiniya in ka gama, ina so a zo a yi wa shafin makarantata irin wannan gwajin, don iyaye suna yawan kira wai sun kasa duba sakamakon 'ya'yansu.

Malam Lawal:
Injiniya in ka gyara shafin shiga ka turo mini ta akwatin sirri in bi shi da TalkBack kafin ku sake shi. Ka sa ni cikin masu gwaji na gaba, kuma ka nemo kurma ko ɗaya, don bidiyonku na tabbata ba rubutun abin da malam ke faɗa a ƙasansa.

Bashir (Zariya):
Babu kam Malam. Zan turo maka ranar Asabar in sha Allahu, rubutun ƙasan bidiyon kuma zan fara da darussan lissafi tunda su za a fara yankawa.